Yabo da Gyara Tsakanin Masu Sha'awar Ɗaukar Hoto a Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tana arewacin Jihar Jigawa, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta wajen Damagaram. Sa'ad da Heinrich Barth ya ratsa ta cikin 1851, a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, shekara 12 ke nan da bayyanar hikimar ɗaukar hoto a Faransa, amma shi alƙalami da takarda ya riƙe, abin da ya gani ya rubuta, wani abin kuma ya zana. Bayansa an daɗe hoto yana hannun mutum iri biyu, da baƙo mai wucewa, da mai hoto na sana'a wanda ya kan kafa labulensa ranar salla ko ranar biki. Yau kuwa da wuya a sami majalisar samari ko teburin mai shayi inda babu waya mai kyamara. Galibin hotunan da za su nuna wa na baya yadda ƙasar nan ta ke a wannan zamani ba gwanayen sana'a ke ɗaukarsu ba, masu sha'awa ne, ɗalibi da malamin makaranta da tela da ɗan kasuwa. Ba su da malami sai junansu. Wannan ya nuna wa wancan, waya ta zaga daga hannu zuwa hannu, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Abin da a ke faɗa cikin wannan zagaye shi ne makarantarsu duka, saboda haka ya cancanci a auna shi kamar yadda a ke auna littafin koyarwa kafin a sa shi hannun yara.

Maganar da ta fi kowace yawa ita ce, "Kai, ya yi kyau!" Mai nazarin harshe zai so ya san wane ne "ya". Hoto namiji ne a nahawun Hausa, doki ma namiji ne, haka kuma mahayinsa, don haka in hoton hawan salla ne ba a iya gane wanda a ke yabo. Amma a miƙa wa mutanen nan hoton amarya, ko na taguwa a kasuwa, nan da nan sai a ji sun ce, "Ta yi kyau." Ashe tun da fari ba hoton a ke nufi ba, abin da ke cikinsa a ke nufi. Haka kuma a kan ce wa mutum, "Ka fito sosai," ko kuwa, "Hoton nan bai fitar da kai ba," sai ka ce hoto wata ƙofa ce da mutum ke fitowa ta cikinta. Wanda ya zaɓi wurin tsayawa, ya jira haske, ya yanke shawarar abin da zai shiga da abin da zai bari a waje, ba shi da ambato cikin jimlar ko kaɗan. An yabe shi, amma bai ƙaru da kome ba, don kuwa bai san abin da ya yi daidai ba, balle ya sake yinsa gobe.

Wannan ba halin Bahaushe ba ne shi kaɗai. Cikin 1965 Pierre Bourdieu da abokan aikinsa suka fitar da littafin Un art moyen a Faransa, inda suka bincika yadda talakawa da masu matsakaicin hali ke ɗaukar hoto da yadda su ke hukunta shi. Abin da suka tarar shi ne yawancin mutane su kan auna hoto da darajar abin da aka ɗauka da kuma amfanin da zai yi. Hoton aure da na suna suna da dalili, hoton ɓawon itace kuwa ɓarnar fim ne. Suka kuma leƙa ƙungiyoyin masu sha'awar hoto, suka ga waɗansu zancensu duka na'ura ne, waɗansu kuwa kwaikwayon masu zane su ke yi don a ce su ma masu fasaha ne. Waɗannan hanyoyi biyu na kauce wa hoton kansa suna nan da ransu a majalisun ƙasar Hausa.

Ta fari ita ce tambayar da ta kan biyo bayan yabo: "Da wace waya ka ɗauka?" Ba wanda zai dubi aska takwas a ƙirjin riga ya tambayi maɗinki inda ya sayi allura, amma mai hoto kullum sai ya sha wannan tambaya. Illarta ita ce ta kan koya wa yaro cewa gwaninta abin saye ne, wanda ba shi da kuɗin babbar waya sai ya haƙura. Duk da haka ba daidai ba ne a ce na'ura ba ta da laifi ko lada, kuma a nan akwai labarin da ya kamata malamai su sani. A da, tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak ya riƙa aika wa masu wanke hoto wani kati mai hoton farar mace don su daidaita launi da shi, watau fatar Bature ita ce ma'auni. Lorna Roth, wadda ta bi diddigin al'amarin cikin 2009, ta nuna cewa kukan masu tallar cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau, yana cikin abin da ya sa aka gyara yadda fim ke kama launin ƙasa-ƙasa. A wannan zamani kuwa kamfanin Transsion, mai yin wayoyin Tecno da Infinix da itel, ya sami kasuwar Afirka da dalilai da dama, ciki har da daidaita kyamararsa don baƙar fata. To, tambayar waya tana da wurinta. Wurin nata shi ne bayan an ga wani aibi takamaimai ana neman asalinsa.

Hanya ta biyu ta fi ta fari kama da ilmi, don haka ta fi ta haɗari. Wanda ya ɗan karanta wani abu, ko ya ga darasi cikin waya, ya kan zo da ƙa'idodi haddatattu. Mafi shahara cikinsu ita ce a raba hoto uku a tsaye, uku a kwance, a ajiye abin da a ke nufi inda layukan suka gamu, kada a sa shi a tsakiya. Wani Bature mai zane, John Thomas Smith, shi ya fara rubuta sunan wannan ƙa'ida cikin 1797, yana zancen zanen ƙauyuka da filayen Ingila. Tana da amfani ga wanda ke ɗaukar fili mai faɗi, misali gonakin gero na Sule Tankarkar da kaka, inda tilas a yanke shawara ko sama za a bai wa kashi biyu ko ƙasa. Amma in aka mai da ita doka, sai a kushe hoton dattijo zaune a tsakiyar zaurensa yana fuskantar kyamara, alhali kuwa zaman tsakiyar nan shi ne maganar hoton. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya rasu cikin 2001, ya shafe shekaru yana ajiye mutanensa a tsakiya, gaban labule mai zane, sun sha ado suna duban kyamara ido da ido, kuma yau ana lissafa shi cikin manyan masu hoto na ƙarni na 20. Da an kai aikinsa gaban mai haddar nan, da ya ce masa ya matsar da su gefe.

Saura a tambaya, don me gyara na gaskiya ya ke wuya a bakin abokai? A. H. M. Kirk-Greene, cikin laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, ya jera halayen da Hausawa ke auna mutum da su, ciki akwai gaskiya, akwai kunya, akwai kiyaye mutuncin wani. A gaban hoton aboki waɗannan halaye su kan yi karo, kuma galibi kunya ke rinjaye. Yabo ya kan zama kamar biki, wanda aka kai wa yau tilas ya mayar gobe, har a wayi gari kowa gwani ne, ba wanda ya ci gaba. Gyaran da aka haɗiye kuwa ba ya ɓacewa, ya kan fito ta bayan gida, ya zama habaici ko dariya bayan mai hoto ya tashi. Mai hoto ya ji a bakin wani, ya yi fushi, ya daina nuna aikinsa. Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ba a yin karin magana a kan abin da ba ya faruwa. Da ba a saba ɗaukar gyara a matsayin sauke mu raba ba, da ba a bukaci faɗar haka ba.

Kada mai karatu ya zaci Hausawa ba su iya gyara wa juna aiki ido da ido ba. A shekarun 1970 akwai ƙungiyoyin marubuta waƙa a Kano, da Hausa Fasaha ta su Aƙilu Aliyu, da kuma Ƙungiyar Hikima ta su Mudi Sipikin, wadda Graham Furniss ya yi nazarinta, inda mawallafa ke taruwa su karanta wa juna abin da suka tsara. Gyara ya fi sauƙi a waƙa saboda akwai ma'aunin da kowa ya yarda da shi. In kari ya karye, ko amsa-amo ya kauce, ana iya nuna baitin da yatsa, kuma laifin na baitin ne, mai shi bai ji an taɓa mutuncinsa ba. Abin da masu hoto suka rasa ke nan. Ba su da kalmomin da za su nuna aibi a wurinsa, don haka duk suka ta kan faɗa kan mutum.

Ma'aunin nan kuwa ba sai an je nesa nemansa ba. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa, inda a ke kawo shanu da tumaki da awaki da raƙuma da dawaki daga Nijeriya da Nijar. Wanda ya tsaya kusa da mai saye da dillali suna duba rago zai ji irin sukar da babu kamarta a majalisar masu hoto. Ba a cewa rago ya yi kyau a yi shiru. A kan fara da iri, balami ne ko uda ko ɗan ƙasa, don ba a neman tsawon balami a jikin ɗan ƙasa. A buɗe baki a dubi haƙora, a ga ko ya yi famfara, a san shekarunsa. A shafa gadon baya a ji nama, a ɗaga ƙafa a dubi kofato, a kora shi ya yi tafiya a ga ko yana ɗingishi. In akwai aibi a faɗe shi da sunansa da wurinsa: ƙafar baya ta hagu, idon dama. Mai dabba yana tsaye yana ji, bai ɗauka zagi ba ne, don kuwa rago a ke kushewa. Sa'an nan kushen ba ya ƙarewa sai da tayi, watau mai kushe ya yarda abin yana da daraja, yana ma son sa. Mai dabba kuma yana da amsa tasa ta ladabi. In tayin bai yi masa ba ya ce, "Albarka," ba faɗa ba gaba.

Lalle mai saye yana da manufa, so ya ke ya rage kuɗi, dillali kuma la'adarsa ya ke nema. Amma tsarin maganar tasu shi ne abin koyi: a san irin abu kafin a auna shi, a nuna aibi a wurinsa, a faɗi abin da ke da daraja, a bar wa mai abu ikon ƙin yarda. Yaran da suka tashi suna jin wannan kowane mako sun riga sun iya suka, sai dai ba su taɓa zaton ta shafi abin da ke cikin wayarsu ba.

A gwada wannan tsari a kan hoton da ya fi kowane yawa a wayoyin Gumel, watau na hawan salla. Ga hakimi bisa kili, ya sha farar riga da farin rawani, rana ta take. Riga ta fito tas, doki ya fito, fuska kuwa ta zama baƙin dunƙule, ba ido ba hanci. Abokin da ya ce wayar ce ba ta da kyau bai taimaka ba. Ma'aunin haske da ke cikin kyamara an gina shi a kan zaton cewa in aka gauraya duk abin da ke gabansa zai ba da launin toka matsakaici, mai mayar da wajen kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. In fari ya cika hoto sai kyamara ta ga haske ya yi yawa, ta rage, fuska ta nutse. Ga kuma rana. Gumel tana tsakanin digiri 12 da 13 arewa da tsakiyar duniya, rana ta kan bi ta tsakar ka sosai sau biyu a shekara, cikin Afrilu da Agusta, sauran watanni ma da tsakar rana tana sama ƙwarai, don haka inuwar rawani a kan fuska ta ke sauka. Mai gyara irin na Maigatari zai ce, "Riga ta yi, zaman doki ya yi, aibin a fuska ya ke. Da ka taɓa fuskar a gilashin waya don ta auna haske daga nan, ko ka ƙara haske da hannu ko da rigar za ta ɗan ƙone, ko ka jira ya juyo inda hasken farin bango zai dawo masa." Wannan magana ana iya aiki da ita salla mai zuwa.

Hoton sukuwa ya fi wannan ban sha'awa, don a nan ilmin gida ya fi na littafi. Littafi zai ce in ana so a tsayar da doki mai gudu sai kyamara ta buɗe ta rufe cikin wajen kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, in ba haka ba ƙafafu su yi dishi-dishi. Gaskiya ne. Da irin wannan sauri Eadweard Muybridge ya nuna a Amurka cikin 1878 cewa doki mai sukuwa ya kan ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa, kuma a lokacin da suka tattaru ƙarƙashin ciki ne, ba sa'ad da suka miƙe gaba da baya kamar yadda masu zane suka daɗe suna yi ba. Amma littafi bai san wane lokaci ne ya fi daraja a hawan ba. Mahayi ya sani. Shi zai dubi hoto ya ce an yi gaggawa, an ɗauka tun dawaki suna tsakiyar fili, ba a jira sa'ad da aka ja linzami gaban sarki aka ɗaga hannu don jafi ba. Zai ce ƙafar mahayin nan ta fita daga likkafa, wannan hoto kunya ne gare shi ko da ya yi kyau a idon baƙo. Zai ce wannan bidi ne, launin da aka ƙara ya mai da shi wani doki dabam. Majalisar masu hoto da ba ta taɓa kai aikinta gaban mahayi ko barga ba ta bar rabin malamanta a waje.

Na raƙumi ba ya bukatar dogon bayani. Idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, abin da ke kusa ya kan kumbura, na nesa ya ƙanƙance. Wanda ya matsa gaban amale ya ɗauka, kai zai fito kamar tulu, tozo kamar ƙwarya. Maganin a ja baya, in ya so a yanke gefen hoto daga baya.

Amma fa misalin kasuwa yana da iyaka, kuma iyakar tana da muhimmanci. Ɗingishi aibi ne ga kowane rago. A hoto kuwa abin da ya zama aibi a nan ya kan zama rai a can. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya ɗauki wani hoto cikin 1963 da a ke kira Nuit de Noël, saurayi da budurwa suna rawa da dare, kawunansu sun kusa haɗuwa, ita ba ko takalmi. Hasken fitilar kyamara ne tsirara, wurin ba a gyara shi don hoto ba. Mai neman aibi zai samu. Amma duk wanda ya duba ya san an kama wani abu da ba a iya shiryawa, kuma mai hoton nan shi aka bai wa babbar lambar girma ta bikin fasaha na Venis cikin 2007. Saboda haka matakin fari na dillali, watau sanin iri, shi ne ya fi wuya a hoto. Kafin a ce an kuskure sai a tambayi mai hoto abin da ya nufa.

Hazo ya isa misali. Da hunturu ƙura ta kan rufe sararin ƙasar Gumel, rana ta zama kamar faifai, itatuwan nesa su narke cikin fari. Yaro ya ɗauki wannan yadda ya ke, ya kawo, sai a ce masa hoton ya dushe. Ya koma ya ƙara launi, ya ƙara duhun inuwa, ya mai da sama shuɗiya, har Gagarawa ta zama kamar wata ƙasar kurmi bayan ruwan sama, sa'an nan a ce yanzu ya yi. An gyara hoton har ya daina faɗar gaskiya. Haka a ke yi wa fuska, a goge ta, a haskaka ta, har tsagen gado ya ɓace, uwa ta dubi hoton ɗiyarta ta yi shakka. Ma'aunin da a ke bi a nan na hotunan talla ne da aka yi a wata ƙasa, don wani haske, don wata fata. Cikin 1963 waɗansu baƙaƙen Amurka masu hoto suka kafa ƙungiya a birnin New York, suka sa mata suna Kamoinge, kalmar Kikuyu ta Kenya mai nufin jama'a masu aiki tare. Su kan taru su baje hotunansu, su soki na juna ba sani ba sabo. Shugabansu na fari, Roy DeCarava, ya shahara da barin duhu cikin hotunansa da gangan, launin toka mai zurfi da baƙi iri iri, inda mai bin ƙa'idar kanti zai ce haske bai isa ba. Ribar ƙungiyar ita ce ta ƙera ma'auni nata, daidai da mutanen da ta ke ɗauka.

Akwai kuma abin da yabo ke yi wanda ya wuce hoto ɗaya. Abin da a ke yabo shi a ke sake ɗauka. In hawan salla da kwalliyar biki da faɗuwar rana su kaɗai ke jawo "ya yi kyau," to, su za su cika wayoyi, sauran rayuwa ta wuce ba shaida. Jirgin ƙasa daga Kano ya isa Nguru cikin 1930, hanyarsa ta bi ta Gagarawa, ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa. Tashar da gine-ginenta abin ɗauka ne tun suna tsaye. Haka riɗi da aka yanke aka jingina a gona yana shan iska, da mata masu ɓarar zoɓo, da masu jan ruwa a rijiya mai zurfi, da mahauta da maƙera da masu saƙar igiya a gefen kasuwar Alhamis. Cikin 2023 gasar Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014, kowa kuma na iya shiga, ta ba da lambar farko ga Sani Maikatanga, ɗan jarida mai hoto na Kano, saboda hoton ambaliyar ruwa a Auyo, ƙasar Haɗeja, maƙwabciyar Gumel. Ba doki a ciki aka yaba ba, ba kuwa ado. Abokin da ya dubi hoto na goma na doki ɗaya ya ce, "Wannan an gani, ina na masussuka?" ya yi gyara mafi girma da wanda ya yi zancen haske.

Tambaya ɗaya kuma da wuya a ji ta, ko da ya ke ta fi kowace kusa da tarbiyyar gida: "Ka nemi izninsa?" Almajiri da ƙoƙonsa, tsohuwa mai tallar daddawa, matan aure a bakin rijiya, duk suna jan idon mai hoto, kuma hotonsu ya kan sha yabo don yana motsa zuciya. Amma mutumin da ba zai shiga gidan wani ba sallama ba, ba shi da hujjar ɗaukar fuskar matar gidan ya yaɗa ta inda bai san iyakarta ba. A nan kunyar da ta hana gyara ita ce ya kamata ta yi magana. Ta fuskar fasaha ma akwai riba, don hoton wanda aka gaisa da shi ya yarda dabam ya ke da na wanda aka sata daga nesa. Na sata ya kan zo da ido a kauce, da kafaɗa a juye, da dishi-dishin jawo abu daga nesa, wanda a yawancin wayoyi ba kome ba ne illa yanke hoto a buɗa shi.

Malaman kwalejojin horon malamai, irin wadda ke Gumel, suna da hanyar shiga wannan al'amari ba tare da sayen kome ba, don ɗalibansu sun zo da kyamara cikin aljihu. Darasin sifantawa a ajin Hausa ana iya gina shi a kan hoto ɗaya. A hana kalmar "kyau" na rabin sa'a, a ce kowa ya faɗi abin da ya gani, daga ina haske ya fito, me aka yanke a gefe, ina ido ya fara sauka. Kalmomin suna nan cikin harshe, a bakin marina da magina da maɗinka, waɗanda ke cewa launi ya kama ko ya zuba, gini ya karkace, aiki ya yi cunkoso ko ya sha iska. Aro daga waɗannan ya fi ƙirƙiro sababbi da ba wanda zai yi amfani da su.

Gyara na ƙarshe da abokai za su iya yi wa juna ba ya cikin hoton, yana ƙarƙashinsa. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya cikin 1968, ya tara wajen hoto 1000, yawanci daga baya ko daga gefe, yana kula da sunan kitso da inda ya fito, shi ya sa masu tarihi ke iya aiki da su yau. Hotunan waya kuwa galibi ba suna ba wuri, in an tura su daga hannu zuwa hannu kwanan watan da na'ura ta rubuta ma ya kan goge, in waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta shi ke nan. Hoton raƙuma a Maigatari wanda aka rubuta masa ranar da aka ɗauka, da inda aka kawo dabbobin, da kuɗin da aka taya, bayan shekara 30 zai amsa tambayar mai binciken ciniki da ta mai binciken kiwo. Wanda ba a rubuta masa kome ba, ko mai shi ba zai iya rantsuwa a kan shekarar da ya ɗauke shi ba.